Kafin tutar Rasha, akwai ƙuri'ar 1958

Tun da sojojin Faransa na ƙarshe suka tattara komatsansu suka bar Nijar a watan Disambar 2023, ake ta magana a majalisu da gidajen rediyo kamar ranar ce aka fara ce wa Faransa a'a a yankin Sahel. Har ta kai a zanga-zangar Agustan 2024 an ga matasa suna ɗaga tutar Rasha a titunan Kano.

Labarin samun 'yancin kai na 1960 kowa ya haddace shi, ba sai mun tsaya a kai ba. Wanda ba a koyarwa shi ne na shekara biyu kafin nan. Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar de Gaulle ya shirya wa ƙasashen da Faransa ke mulka ƙuri'ar raba gardama: ko su zauna a ƙungiya ɗaya ƙarƙashin Paris, ko su kama gabansu nan take ba ko sisi. A Afirka ta Yamma shugabannin gwamnati biyu ne suka ce a'a: Sekou Toure na Gine da Djibo Bakary na Nijar, jagoran jam'iyyar Sawaba.

Gine an ƙyale ta ta tafi. Nijar kuwa ba za ta saku ba, domin tana iyaka da Aljeriya inda yaƙi ke ci, ga kuma yuraniyom da aka fara ganowa a arewa. Ana saura makonni kaɗan zaɓe aka turo sabon gwamna, Colombani, aka juya sarakunan gargajiya, aka matsa wa 'yan Sawaba lamba. Da aka ƙirga, “i” ta samu kashi 78 cikin ɗari, alhali mafi yawan masu rajista ba su ma fita ba. Kafin shekara ta ƙare Djibo ya sauka, Hamani Diori ya hau. A 1959 aka haramta Sawaba, 'ya'yanta suka watsu, wasu Kano wurin 'yan'uwansu na jam'iyyar NEPU, wasu Ghana. Da suka dawo da bindiga a 1964 aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. Ɗalibi nawa ne a Damagaram ko Katsina zai iya ba da wannan labari yau? Masu tsara manhaja su ji kunya.

Masu ɗaga tuta kuma su leƙa Gine. Faransawa sun fice a fusace, sun janye ma'aikata da likitoci da tallafi. Tarayyar Sobiyet ta shigo da bashi da ƙwararru, aka yi ta guɗa. Ba a jima ba, a Disambar 1961, Sekou Toure ya kori jakadanta, Daniel Solod, bisa zargin sa hannu a boren malaman makaranta. A rikicin Kyuba na 1962 ma ya hana jiragen Sobiyet sauka a filin jirgin Konakiri, filin da su suka taimaka aka gyara.

Tambayar da ya kamata a yi wa mahukuntan Yamai ke nan: me aka sa wa hannu da sababbin baƙin Rasha da suka sauka a Afrilun 2024? A fito da takardun a karanta. Yarjejeniyar tsaro ta Afrilun 1961 tsakanin Faransa da Nijar da Dahomey da Kodebuwa, a ratayen da ke bayanta aka rubuta cewa Faransa ce kan gaba wajen sayen ma'adinai irin su yuraniyom, shekara goma kafin a fara haƙarsa a Arlit.