Dodon da ake ganin zif ɗinsa: Me ya sa muke son finafinan tsoro marasa inganci?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan bidiyo a Bibemi, ko a Adumri ranar da kasuwar shanu ta ci, ya san akwai wani irin fim da ke cika ɗaki fiye da sauran, wato fim ɗin tsoro wanda ba ya tsorata kowa. An shirya shi ne domin gaban mai kallo ya faɗi, amma da zarar dodon ya leƙo sai ɗaki ya kaure da dariya, domin kowa na ganin zif ɗin rigar da aka ɗinka masa, jinin da ke zuba kuwa ba shi da maraba da zoɓo. Abin mamaki shi ne, washegari irinsa ake roƙon mai gidan ya sake sakawa.

Mu a nan arewacin Kamaru ta hanyoyi biyu waɗannan finafinai suka iso mana. Ta farko ita ce Indiya. Tun daga 1972 wasu 'yan uwa da ake kira Ramsay suka riƙa shirya finafinan fatalwa da kuɗi ƙalilan a Bambai, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Salonsu kusan ɗaya ne kullum: tsohon gida, hazo, kushewa, dodo mai fuskar roba, sannan ana tsakiyar tashin hankali sai a yanke a shiga waƙa da rawa. Amma wanda ya yi fice wajen lalacewa shi ne Jaani Dushman na 2002, wanda Rajkumar Kohli ya ba da umarni. Labarin wani maciji ne mai rikiɗa mutum da ke bin wasu abokai yana kashewa ɗaya bayan ɗaya don ramuwar gayya. Akwai manyan jarumai a ciki, irin su Sunny Deol da Akshay Kumar da Manisha Koirala, amma siddabarun kwamfutar da aka kwaikwayo daga finafinan Amurka ya fito kamar zanen yara. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, sai dai har yau ana nemansa don a sha dariya.

Hanya ta biyu ita ce Najeriya. A 1992 Living in Bondage ya fito cikin harshen Ibo, labarin mutumin da ya sadaukar da matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Nasarar da ya samu ta buɗe ƙofa ga finafinan tsafi irin su Nneka the Pretty Serpent da Karishika, waɗanda kasakasansu da fayafayansu suka tsallako iyaka zuwa Garwa da ƙauyukanta. A nan ne muka saba da wutar da ke fita daga ido, da mutumin da ke ɓacewa ya bar inuwarsa a ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne da wannan ɗabi'a. A Amurka akwai Troll 2 na 1990, wanda babu halittar da aka raɗa masa sunanta ko ɗaya a cikinsa, dodanninsa kuma ba sa cin nama, sai sun mai da mutum tsiro tukuna. Yaron da ya fito a ciki, Michael Stephenson, da ya girma ya shirya wani fim a 2009 kan yadda jama'a ke cika silima don kallon wannan shirme. Haka nan Birdemic na 2010, wanda aka ce kuɗin da aka kashe masa bai kai dala 10,000 ba, tsuntsayen da ke kai hari a ciki suna tsaye cak a sama, jarumai na korarsu da abin rataye riga.

To, ina daɗin yake? Na farko, tsoron da ka gano sirrinsa ya zama abin wasa. Yaron da ya tashi da labarin aljanu da mayu, ranar da ya ga gashin dokin mayya na shirin zamewa, wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Na biyu, irin wannan fim ba a kallonsa a kaɗaice. Daɗin yana cikin ihun da ake yi wa jaruma kada ta buɗe ƙofa, da mai fassara wa na kusa da shi da Fulatanci, da wanda ya riga ya kalla sau biyar yana faɗin abin da zai faru. Ba sai ka ji Indiyanci ko Turanci ba. Na uku, masu shirya shi da gaske suke yi. Da gangan suka lalata shi, da babu wanda zai dara.

Wannan zama na tare yana da daraja idan aka tuna cewa a watan Janairun 2009 aka rufe manyan silimu uku da suka rage a Kamaru, wato Abbia a Yawunde, da Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam. Ko da aka buɗe sababbi daga 2016, a Yawunde da Duwala aka fara. Garuruwa irin namu gidan bidiyo mai benci da janareto ne ya riƙe su. Yanzu kuma wayar hannu na janye matasa, kowa da fim ɗinsa a katin waya, har da na Indiya da ake fassarawa da Hausa a Kano. Mai kallo shi kaɗai cikin dare ba shi da wanda zai nuna masa zif ɗin dodo.

A nan ne ya kamata iyaye su buɗe ido. Yawancin finafinan tsafi tsohuwa suke nunawa a matsayin mayya, ko kishiya, ko wanda ya yi arziki ba a san hanyarsa ba. Babba na iya dariya ya wuce, amma ƙaramin yaro na iya fita ya riƙa kallon tsohuwar unguwarsu da wani ido. Zargin maita kuwa ba wasa ba ne a ƙasar nan, domin sashe na 251 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 kan aikata maita, kuma kafin a je kotu ma zargin kaɗai ya isa ya raba zumunci.

Shawararmu ga masu gidajen bidiyo ita ce su bar finafinan tsoro sai bayan sallar isha, su kuma mai da ƙananan yara gida. Iyayen da suka ga fim ɗin a wayar 'ya'yansu kuwa, maimakon ƙwacewa, su zauna a kalla tare, su nuna musu inda aka ɗaura igiya da inda aka zuba jan kala. Matasanmu masu sha'awar harkar fim su ma akwai darasi gare su: Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da ƙaramar kyamarar bidiyo aka ɗauke shi, daga nan masana'antar finafinan Hausa ta ɗago. Wayar da ke aljihunsu a yau ta fi waccan kyamara fitar da hoto. Muna da tatsuniyoyin Dodo da na Gizo, muna da bakin Mayo Kebbi da duhun daji. Idan dodon nasu ya ba da tsoro, madalla. Idan kuma ya ba da dariya, mu dai za mu biya kuɗin shiga. Allah Ya sa mu dace.