Tayar da jariri don shan nono da dare

Jariri sabon haihuwa cikinsa ƙarami ne, nonon uwa kuma ba ya daɗewa a ciki kafin ya narke. Shi ya sa yake buƙatar shan nono sau 8 zuwa 12 a kowace rana, har da dare.

A kwanakin farko jarirai kan rage nauyi, wani lokaci har kashi 10 cikin 100, su mayar da shi cikin kwana 10 zuwa 14. Kafin hakan ta samu, bai kamata a bar jariri ya wuce awa huɗu yana barci bai sha ba. Bakwaini da ɗan ƙarami da mai shawara sun fi buƙatar kulawa, domin shawara kan sa jariri barci mai nauyi, rashin shan nono kuma yana ƙara ta. Mai jego ma tana amfana, don tsotson dare yana ƙara kawo nono.

Tayar da shi ba sai da girgiza ba. A cire masa zanen da aka naɗe shi, a canza nafkin, a shafa tafin ƙafarsa, ko a ɗiga masa nono a leɓe.

Da zarar ya mayar da nauyinsa yana ƙaruwa, yana fitsari aƙalla sau shida a rana, ana iya barinsa ya farka da kansa. Amma jaririn da ya ƙi tashi ko ya kasa tsotso, asibiti za a kai shi nan take.