Ciyawar pampas ko gyaɗa: wace ce ta dace da tsakar gida a cikin birnin Kano?

Masu ƙawata wuraren biki sun sa ciyawar pampas, mai farin gashi kamar kan kyauro, ta shiga idon jama'a, har wasu na sha'awar shuka ta a gida. Ita da gyaɗa duk asalinsu Kudancin Amurka ne.

Sai dai tsakar gida a Yakasai ko Koki ba gona ba ce. Pampas na kai tsawon mita 3, gindinta na ƙara faɗi kowace shekara, gefen ganyenta kuma yana yanka kamar reza, ga yara suna guje-guje. Idan hunturu ya busar da ita, tartsatsin murhu ɗaya ya isa.

Gyaɗa kuwa, wadda dalarta ta fito da sunan Kano tun zamanin Alhassan Ɗantata, ko a buhu mai ƙasar jigawa tana yi, muddin tana samun rana. Irin SAMNUT 24 na cibiyar IAR Samaru yana nuna cikin kusan wata uku. Kada dai ƙasar ta daddaɓe, domin bayan fure ne take tura tsinke ƙasa ta yi 'ya'ya. Harawarta kuma ta ragon layya ce.