Falankin da aka huda ba ya maye gurbin farantin rauta

A rumfunan kafintoci na Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, da ma na Konni da Malbaza, akwai maganar da ta zauna daram: wai farantin da ake ɗaure injin rauta a jikinsa, a saka a tsakiyar tebur, ɓarnar kuɗi ne. A huda falanki, a kife injin a ƙarƙashi, a ɗaure, aiki ya kankama. Masu faɗin haka suna da hujja. Kayan aiki sun yi tsada, kuma da irin wannan tebur aka fitar da adon gadajen amare ba adadi.

Amma iyayen gidana, mu duba kauri tukuna. Falanki yakan kai milimita 18 zuwa 25, faranti kuwa 6 zuwa 10 ne. Abin da katakon ya ci, daga tsawon haƙorin injin ya ci shi. Idan haƙori ya ƙi leƙowa yadda ake so, sai yaron shago ya zaro shi kaɗan daga mariƙinsa don ya ƙara tsawo. Ƙarfen da ke juyi sama da sau 20,000 a minti ɗaya, an riƙe shi da guntun gindi! Ranar da ya kuɓuce, babu mai tare shi.

Sai yanayinmu. Katakon da ke zuwa daga kudu da sauran danshinsa yake isowa, ya sha hunturu ya ƙanƙance, damina ta zo ya kumbura. Ga kuma injin, babba yakan haura kilo 5, yana rataye dare da rana. A hankali tsakiyar teburin ke lotsawa, ido ba ya gani, amma zanen da ke gefen ƙofa yana nunawa: nan ya yi zurfi, can ya yi sama-sama. Sai a ɗora wa yaro laifi, ko a ce wutar NIGELEC ce ta yi rauni. Farantin alminiyam kuwa ba ruwansa da danshi.

Ramin ma abin dubawa ne. Wanda aka huda wa babban haƙori ya yi wa ƙarami faɗi, siririn katako ya tuntsura ciki, yatsa na biye da shi. Faranti na da zobba da ake sauyawa gwargwadon haƙori, kuma ɗaga shi ake yi tare da injin, ba sai an durƙusa ƙarƙashin tebur ana lalube ba.

Inda na yarda da ku shi ne, ba dole sai na kanti ba. Shafaffen alminiyam mai kauri ya wadatar, a yanka, a huda daidai da gindin injin, a nutsar da kawunan kusoshi. Idan an saka shi, a gitta rula a kai: in ta yi tuntuɓe a bakin farantin, ko haske ya ɓullo ta ƙarƙashinta, bai zauna ba tukuna.