Wasan Jiragen Yaƙi: Daga Filin Tushino Zuwa Samaniyar Abare

Tun kafin ƙarfe ya fara tashi sama, masu mulki sun san amfanin fito da ƙarfinsu fili domin talakawa su gani, maƙwabta kuma su sami labari. Hawan salla da muke kallo a yau da sunan ado da nishaɗi, asalinsa bitar mayaƙa ne: hakimai su zo da dawakinsu da 'yan lifida da 'yan sulke, su kai jahi gaban sarki, shi kuwa ya ƙirga da idonsa ya san wanda ya shirya da wanda ya yi sakaci. Turawan mulkin mallaka sun fahimci wannan harshe, suka kuma yi magana da shi. A shekarar 1925 suka shirya wa Yarima mai jiran gadon Ingila gagarumin hawan daba a Kano, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a birnin, jama'a suka yi dafifi suna kallon abin al'ajabi. Saƙon a fili yake: wanda ya mallaki sama, shi ke da ƙasa.

A ƙarni na ashirin babu ƙasar da ta ƙware wajen wannan magana da jiragen yaƙi kamar Tarayyar Sobiyet, daular 'yan gurguzu da ta rushe a 1991. Tarihin bukukuwanta na sama ya cancanci mu yi masa karatun natsuwa, saboda rundunar sojan samanmu da jiragen wannan ƙasa ta fara yaƙi, sannan saboda a yau akwai mutanenmu a Anka da Gummi da Bukkuyum waɗanda ke ɗaga kai sama suna jiran ƙarar jirgi, ba don sha'awar kallo ba.

A 1933 gwamnatin Stalin ta keɓe ranar 18 ga Agusta a matsayin ranar jiragen sama, daga 1935 kuma aka mayar da babban bikin filin Tushino da ke gefen birnin Mosko. Dubban ɗaruruwan mutane kan hallara, shugabanni na zaune a rumfa, jirage na wucewa sahu-sahu, 'yan laima na dirowa kamar ruwan sama. Jaridu suka laƙaba wa matuƙa sunan shahunan Stalin, kuma lokacin da Valery Chkalov ya tuƙa jirgi daga Mosko ya keta ta saman ƙanƙarar arewacin duniya ya sauka Amurka a 1937, an ɗaukaka shi tamkar sarkin yaƙin da ya ci gari. Manufar ita ce a nuna wa manomin da aka ƙwace wa gona, da ma'aikacin da ke layin burodi, cewa wahalarsa ta haifi abin alfahari.

Sai dai tun da wuri aka ga tsadar wannan ado. Sun ƙera wani makeken jirgi mai inji takwas suka sa masa suna Maxim Gorky, a cikinsa akwai injin buga takardu da gidan rediyo da na'urar nuna majigi, aikinsa kawai yaɗa farfaganda. Ranar 18 ga Mayu, 1935, wani ƙaramin jirgin yaƙi da ke rakiyarsa a saman Mosko ya yi yunƙurin yin alkafura a kewayensa, ya banke shi, mutane fiye da 40 suka halaka. Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda ke gudana a bayan fage. A 1937 aka kama Andrei Tupolev, babban mai zanen jiragen ƙasar, aka tsare shi. A 1938 aka harbe Yakov Alksnis, shugaban rundunar sama. Wani da ya riƙe muƙamin daga baya, Pavel Rychagov, ya yi ƙarfin halin kokawa a gaban Stalin kan yawan haɗurra da rashin ingancin jiragen da ake ba matuƙa, aka tuɓe shi, aka kuma harbe shi a 1941. Da Jamus ta kawo hari ranar 22 ga Yuni, 1941, rundunar da ta shekara takwas tana burge 'yan kallo ta yi asarar jirage kusan 1,200 a yini ɗaya, mafi yawansu suna ajiye a ƙasa ba su ko tashi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai bikin ya sami sababbin 'yan kallo, wato jami'an sojan ofisoshin jakadancin ƙasashen Yamma, waɗanda ke zuwa da tabarau mai hangen nesa da kyamara. A 1944 jiragen Amurka uku ƙirar B-29 sun yi saukar gaggawa lafiya lau a gabashin ƙasar Sobiyet, ba a kuma mayar da su ba. A bikin Tushino na watan Agusta 1947 sai ga jirage uku masu wannan siffa sun wuce, baƙi suka ɗauka nasu ne aka yi wa sabon fenti. Da na huɗu ya biyo baya, sai hankalinsu ya tashi, domin sun gane cewa an warware jirginsu ƙusa-ƙusa an kwaikwaye shi. Wannan karon abin da aka nuna gaskiya ne.

Na 1955 kuwa rufa-ido ne. A watan Yuli na shekarar aka fito da sabon jirgin jefa bom mai dogon zango ƙirar M-4, jiragen suka wuce gaban rumfa, suka ɓace wa gani, suka kewayo suka sake wucewa, baƙi suka ƙirga adadin da ya zarce abin da ake da shi nesa ba kusa ba. Masu leƙen asirin Amurka suka yi lissafi a kan wannan adadi, suka ce nan da 'yan shekaru abokan gaba za su mallaki ɗaruruwa. Majalisa ta buɗe bakin aljihu. Daga ƙarshe Amurka ta ƙera B-52 guda 744, alhali duk abin da Sobiyet ta ƙera na wancan jirgi da gyararrensa bai kai 100 ba, kuma na farkon ba ya iya kai bom Amurka ya dawo da man da ya ɗauka. Hotunan da jirgin leƙen asiri U-2 ya riƙa ɗaukowa daga 1956 su suka tona asirin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wannan ƙarya ta jawo wa mai ita abokin hamayya da ya ninka shi ƙarfi.

Ba su suka fara wannan dabara ba. Ranar 1 ga Oktoba, 1949, lokacin da Mao Zedong ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a birnin Beijing, jirage 17 kaɗai aka iya tattarawa, sai aka umarci tara mafi sauri daga cikinsu su kewayo su sake wucewa, jama'a suka ƙirga 26. Su ma 'yan Sobiyet ba su daina ba. A Tushino a 1961 sun nuna wani tsararren jirgi mai suna M-50 wanda bai taɓa shiga aikin soja ba. A Yuli 1967 a filin Domodedovo suka nuna MiG-25, Yamma ta razana da shi shekara da shekaru, sai a Satumba 1976 wani matuƙi mai suna Viktor Belenko ya gudu da guda ɗaya zuwa Japan, aka warware shi aka tarar yana da gudu ƙwarai amma ya yi nauyi, ba ya iya juyin da ake tsoro. Ƙarshen tika-tika kuwa, ranar 28 ga Mayu, 1987, wani matashi Bajamushe, Mathias Rust, ya tuƙo ɗan ƙaramin jirgin haya daga Finland ya ratsa duk matakan tsaron samaniyar ƙasar ya sauka a bakin Jan Dandali, tsakiyar Mosko. Ministan tsaro ya rasa kujerarsa, shekara huɗu bayan haka daular kanta ta watse.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaushe da wannan dogon labari? Ruwansa ya faro ne daga filin jirgin Kano. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya da doka a 1964, Jamusawan Yamma suka fara horar da ita. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Mosko. A watan Agusta, wato 'yan makonni bayan bikin Domodedovo, manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka fara sauke MiG-17 a Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya. Da yake ba mu da isassun matuƙa, sai aka ɗauko na haya, musamman daga Masar, kuma tarihin yaƙin ya adana yadda bama-bamai suka riƙa faɗawa kasuwanni da gidajen fararen hula a gabas. Tun daga ranar farko ke nan muka ga cewa mallakar jirgi daban, sanin inda za a jefa abin da ya ɗauka daban.

A 1975, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, aka sayo MiG-21, amma kafin ƙarnin ya ƙare duk sun kwanta saboda rashin kayan gyara da kulawa. A 2005 aka ƙulla cinikin F-7 guda 15 da ƙasar Sin, wanda shi ma jikan MiG-21 ne da Sinawa suka kwaikwaya. Biyu daga cikin waɗannan ne suka yi karo a sama ranar 28 ga Satumba, 2018, suka faɗi a tsaunin Katampe da ke Abuja, a yayin atisayen wasan da za su yi a bikin cikar ƙasa shekara 58 da samun 'yanci. Matuƙi Bello Baba-Ari ya rasa ransa, Allah Ya jiƙansa. A ƙasar da ke yaƙi a arewa maso gabas da arewa maso yamma, wannan hasara ce ta gwani guda da jirage biyu a kan hanyar biki. A Kaduna kuwa an ƙaddamar da jirage marasa matuƙi ƙirar gida, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Sunayen sun dace, domin aikin magulmaci shi ne ya gano ya kawo labari. Haƙƙin ɗan ƙasa ne ya tambaya: guda nawa aka ƙera bayan ranar yanke ƙyalle, kuma wane daji suke wa gulma?

Wannan tambaya ta fi nauyi a bakin mutumin Abare, ƙauyen nan na ƙasar Anka da duniya ta fara jin sunansa a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga baya yankin ya faɗa hannun 'yan bindiga. A Maris 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara. A Yuli na wannan shekara 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da laima ya tsira da ƙyar. A farkon Janairu 2022, kwanaki kaɗan bayan luguden wuta daga sama a dajin Gusami, gungun mahara suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Bom ya tarwatsa su a gabas, ba a tare musu hanya a ƙasa ba, suka huce a kan talakan yamma. Ga kuma harin kuskure: Mutumji a ƙasar Maru a Disamba 2022, da Tungar Kara a Janairu 2025, inda wuta ta faɗa kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito kare kansu.

Adalci ne a faɗi cewa matuƙanmu suna sayar da rayukansu, kuma hare-haren sama sun hallaka manyan 'yan ta'adda da dama. Shi kansa wasan jirage ba laifi ba ne, yana sa yaro sha'awar zama matuƙi ko injiniya, yana kuma nuna wa mai biyan haraji inda kuɗinsa ya tafi. Illar tana zuwa ne idan hukuma ta fara gaskata wasan da ita ta shirya, ta kuma rufe bakin mai faɗa mata gaskiya, kamar yadda aka yi wa Rychagov. Sobiyet ba ta da majalisar da za ta tuhumi minista, ba ta da jaridar da za ta ƙirga jirage da kanta. Mu muna da su, saura mu yi aiki da su.

Saboda haka ya kamata kwamitocin sojan sama na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su riƙa neman sanin jirage nawa ke iya tashi daga cikin waɗanda aka saya, da abin da aka ware wa gyara da horo idan aka kwatanta da na sayen sababbi. Ya kamata a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon binciken kowane harin kuskure, a biya diyya ga iyalan mamata. Ya kamata kuma a auna rundunar da mintocin da ke tsakanin kiran neman agaji daga ƙauye da isowar jirgi, da kuma ko akwai sojan ƙasa da zai tare waɗanda suka tsere daga bom. Gwamnonin arewa maso yamma da sarakunanmu, waɗanda kakanninsu suka san cewa ana kai jahi ne domin a tantance shirin yaƙi, su ne suka fi cancanta su riƙa yin waɗannan tambayoyi da babbar murya.

Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ranar da manomin Abare zai kwana a gidansa, ya wayi gari ya tafi gona ya dawo lafiya, matarsa ta ci kasuwar Anka ba tare da fargaba ba, ranar ce jiragenmu suka yi wasan da ya cancanci tafi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya da aiki da ita.