Katun na jarumai: wace magana ce gaskiya, wace ce ji-ta-ji-ta?

A Madawa ko Buza, in ka tsaya a rumfar mai tura fina-finai a memori, za ka ga yaro ya miƙa wayar yayansa yana cewa a sa masa Spider-Man da Batman, a cika saura da duk abin da ya samu. Mai rumfa ya tura, yaro ya ruga gida. Can kuma a waya iyaye na ta tura wa juna saƙon murya kan illar waɗannan zane-zane. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa ƙanzon kurege ne da ya shekara ashirin yana yawo.

Mafi daɗewa ita ce ta Pokémon, wai sunan na nufin "ni Bayahude ne" da Japananci. Ƙarya ce. Gutsuren kalmomin Turanci biyu ne masu nufin dodannin aljihu, kuma Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro wasan da ya fito a 1996, ya samo tunanin ne daga farautar ƙwari da yake yi yana yaro. Abin da ya faru da gaske shi ne Saudiyya ta hana katunan wasan a 2001, bisa hujjar cewa akwai kamannin caca a ciki, da koyar da cewa halitta na rikiɗa daga wata zuwa wata. Mutum na iya yarda da wannan hujja ba tare da ya jingina wa suna ma'anar da ba tasa ba.

Maganar cewa katun ya taɓa kai yara asibiti kuwa gaskiya ce tsagwaronta. Ranar 16 ga Disamba 1997, wani kashi na Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi tana ƙyaftawa da sauri a talabijin ɗin Japan, aka kwashi masu kallo 685 zuwa asibitoci, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu, gidajen talabijin suka kafa ƙa'idar walƙiya. Ba iska ba ce, ba kuma asiri aka yi wa yaran ba: akwai masu farfaɗiyar da haske mai ƙyaftawa ke tayar musu da ita. Wanda ke da irin wannan yaro a gida ya kiyaye, musamman kallo cikin duhu da waya dab da ido.

Wakanda ba ƙasa ba ce, komai gardamar samari a majalisar shayi. Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago ta a 1966, harshen da aka ji a fim ɗin da ya nuna ta a 2018 kuma na Xhosa ne, na Afirka ta Kudu. Haka katun ɗin Kirikou, wanda da yawa ke ɗauka ɗan gida ne: Bafaranshe Michel Ocelot, da ya yi ƙuruciyarsa a Gine, shi ya yi shi a 1998, Youssou N'Dour ya yi kiɗan.

Wai babu jarumi Musulmi a duniyar katun? Akwai. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99 a 2006, ko da yake malaman Saudiyya sun yi fatawar hana shi daga baya. A Pakistan an fara nuna Burka Avenger a 2013, malamar makaranta ce mai yaƙar masu rufe makarantun ƴan mata, makamanta littattafai da alƙaluma. A Dubai aka yi Bilal a 2015, kan tarihin Sayyidina Bilal. Roye Okupe na Najeriya kuma ya gina jarumarsa Malika a kan labarin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Abin da ya fi damuna shi ne zancen da iyaye suka fi sakankancewa da shi, wai duk zane na yara ne. Nan ne gizo ke saƙa. Invincible, da aka fara a 2021, jini ne da karya ƙashi tun daga kashin farko, an yi shi don manya. Batman: The Killing Joke na 2016 ma haka. A 2017 kuma asirin wasu tashoshin YouTube ya tonu, masu ɗaukar siffar Spider-Man da Elsa suna sa su aikata ƙazanta, har kamfanin ya goge dubban bidiyo. Mai rumfa ba ya zama ya tantance; sunan jarumi kawai yake gani ya tura. Uba ko yaya ya karɓi wayar ya duba ƴan mintuna daga tsakiyar kowane fim kafin a bar wa ƙanne. Ga ƙanana sosai, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

In ana neman masu kyau, ni dai ina tare da Batman: The Animated Series na 1992, don mugayensa mutane ne masu dalili, ba dodanni kawai ba, sai Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 da ya ci kyautar Oscar. Supa Team 4, ƴan mata huɗu a Lusaka, da Malenga Mulendema ta Zambiya ta ƙirƙira, ya dace da ƴan firamare.

Saura babbar ƙaryar, wadda ta fi ciwo a bakin Ba'adare: wai katun sana'ar Turawa da Japanawa ce, mu namu kallo. Mutumin da ake lissafawa cikin iyayen katun na Afirka a Tawa, nan Adar, ya zauna, nan ya yi otal da ɗakin aikinsa. Moustapha Alassane ke nan, haifaffen 1942. Kanikanci ya fara koya, yana kuma yanka kwali ya haska fitila yana nuna wa ƴan ƙauye inuwa a bango. Mai shirya fim Jean Rouch ya ja shi jiki a Yamai, daga nan Moustapha ya je Kanada wajen gwanin katun Norman McLaren. A 1966 ya zana Bon Voyage Sim da hannu, minti biyar kacal: shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, ga jirgi, ga faretin soja, ga masu tafi. Duk wanda ya taɓa tsayuwar rana yana jiran wucewar babban baƙo ya san wa ake nufi. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana masu motsi, labarin jarumin da ke cin garuruwa don ya samu gimbiya. A Kokoa kuma ya sa kwaɗi da hawainiya a filin kokawa, da makaɗa da kirari kamar yadda ake yi a gasar kokawa ta cin takobi. Kowane ɗan motsi sai ya gyara hannun ƴar tsana, ya ɗauki hoto, ya sake gyarawa.

Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. A rumfunan turi na Keita da Madawa kuwa da wuya ka ji yaro ya ce a sa masa Sim, ba don ya ƙi ba, sai don ba wanda ya taɓa nuna masa.