Oxalis natans: Tsiron da Rayuwarsa Ke Rataye da Kududdufai

A kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, inda ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, akwai wani ƙaramin tsiro mai fararen furanni da masana ke kira Oxalis natans, wanda Cibiyar Nazarin Halittu ta Ƙasar, wato SANBI, ta sanya cikin jerin tsirran da ke dab da ɓacewa. Yana cikin dangin Oxalis, mai nau'o'i fiye da 500 a duniya, waɗanda kusan 200 daga cikinsu a kudancin Afirka suke, kuma ganyensu yana da tsami irin na yakuwa saboda sinadarin oksalik da ke cikinsa. Mafi yawan 'yan uwansa a tudu suke tsirowa, amma shi a kududdufai yake zama, inda ganyensa ke yawo a saman ruwa; idan zafi ya shigo ruwan ya ƙafe, sai abin da ke sama ya bushe, dunƙulallen tushensa ya kwanta cikin ƙasa har wata shekara.

Irin waɗannan kududdufai su ne abin da ake fara cikewa idan gari ya bunƙasa, domin wanda ya gan su da rani ba ya ganin komai sai busasshen fili. Faɗaɗar birnin Cape Town, da gonakin alkama da na inabi, da itatuwan akeshiya da aka shigo da su daga Ostareliya suka mamaye filaye, duk sun taru sun cinye mazaunin tsirrai irinsa.

Wata matsalar kuma tana cikin furen kansa. Dangin Oxalis na wannan yanki suna da furanni kashi uku, gwargwadon tsawon sandar mace, wato ɓangaren da ke karɓar ƙurar fure: doguwa, matsakaiciya ko gajera. Iri ba ya ƙulluwa yadda ya kamata sai ƙwaro ya ɗauko ƙurar daga fure na wani kashi daban, tsarin da Charles Darwin ya yi bayaninsa a littafinsa na 1877 kan bambancin siffofin furanni. Saboda haka idan kududdufi ya ragu har kashi ɗaya kaɗai ya saura a cikinsa, ana iya ganin furanni suna buɗewa kowace shekara alhali haihuwa ta tsaya, kuma ƙidayar tsirrai kawai ba za ta nuna wannan asara ba.

Taskar iri ma, wadda ake dogaro da ita wajen ceton wasu tsirrai, ba ta da tabbas a nan, domin yawancin nau'o'in Oxalis na yankin irinsu ba ya jure bushewa, yana tsirowa ne da zarar ya faɗi ƙasa.  Don haka, abin da ya wajaba a kan hukumomin raba filaye shi ne su sa a duba fili lokacin da ruwa ke kwance a cikinsa kafin a ba da izinin gini ko noma.